Yadda za ka zaɓi rubutun buroshi mai kauri don allon shago da tambari

Rubutun buroshi shi ne wanda in ka gan shi za ka ɗauka hannu ne ya tsoma buroshi a fenti ya ja shi, alhali daga kwamfuta ya fito. Baƙaƙensa sukan ɗan karkata dama, galibi suna riƙe da juna, layin ya yi kauri a nan, ya sirance a can. A Birnin Kebbi waɗanda suka fi nemansa a wurina su ne masu gidan abinci, masu kilishi, masu fura da yogot, da matan da ke haɗa turaren wuta da humra. Ina ganin suna da gaskiya. Irin wannan rubutu yana nuna akwai hannun mutum a cikin kayan, kuma mai kaurin cikinsa yana kiran ido tun daga nesa.

Da buroshi na fara wannan sana'a, ina rubuta allunan shaguna da bayan motocin gingimari a hannun maigidana, kafin manhajar zane ta CorelDRAW da injin fileks, mai buga allon talla a kan leda mai kauri, su karɓe kasuwa. Saboda haka in na duba salon rubutu a kwamfuta, abin da nake fara tambaya shi ne: hannu zai iya jan wannan? Ƙannena masu tasowa da manhajojin zane irin PixelLab da Canva a waya, ku nake so ku karanta wannan da kyau, domin ku kuka fi kowa yawan salon rubutu, kuma yawan ne ke kawo ruɗu.

Akwai ayyukan da ban sa musu shi ko da mai aikin ya nace, sai na zaunar da shi na yi masa bayani: asibiti, kemis, makaranta, ofishin lauya. Mutumin da ya ɗauko mara lafiya da dare yana neman allon da zai karanta da kallo ɗaya. A bar musu baƙaƙe tsayayyu.

Ka san irin da ke gabanka

Tsofaffin da kowa ya sani suna da tarihi. Brush Script, wanda ke cikin kusan kowace kwamfutar da aka sa wa Microsoft Office, Robert E. Smith ne ya zana shi a Amurka a 1942. A Faransa kuma Roger Excoffon ya fitar da Mistral a 1953, wanda ya ɗauko daga rubutun hannunsa, sannan ya biyo da Choc a 1955, mai nauyi ƙwarai, kamar an ja shi da buroshin da ya sha fenti har ya ƙoshi. Na baya-bayan nan da ake samu kyauta a Google Fonts akwai Lobster na Pablo Impallari, wanda ya fito a 2010, da Kaushan Script nasa, da Pacifico na Vernon Adams a 2011.

In ka jera su za ka ga sun kasu. Wasu bakinsu sumul yake, kuma kowane harafi na riƙe da na gabansa, irin su Brush Script da Pacifico. Wasu kowane harafi zaman kansa yake yi, ko da yake alamar buroshi na jikinsa, irin Choc. Sai kuma na yayi yanzu, masu busasshen buroshi, waɗanda ƙarshen layinsu ke tarwatsewa ya zama karce-karce da ɗige-ɗige. Waɗannan na ƙarshe su suka fi ɗaukar ido a fuskar waya, su ne kuma suka fi ba da wahala a wurin bugu. Zan zo kansu.

Game da Brush Script da Lobster, shawarata ita ce ka ɗan ja baya da su in tambari za ka yi. Babu laifi a zanensu. Sun dai yi yawa ne. Ka bi titin Ahmadu Bello ko ka shiga kasuwar Jega ka ƙirga allunan da ke ɗauke da su. Tambari kuwa amfaninsa a ware mai shi daga maƙwabcinsa. A takardar gayyatar walima ko sanarwar rangwame ta mako guda, ba komai, ka sa su.

Gwajin Hausa

Wannan shi ne wurin da na fi ɓata lokaci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Masu zana waɗannan baƙaƙe yawancinsu da Turanci a ransu suka zana su. Hoton tallar da suke nunawa kalma ce da suka zaɓa domin ta yi kyau. Kai kuwa sunan Hajiya za ka rubuta, ko sunan gari, ko sunan sana'a. Don haka kada ka yanke hukunci da hoton talla. Ka buga ainihin sunan da za ka yi aiki da shi. A shafin Google Fonts akwai wurin da za ka rubuta kalmarka, ta fito a kowane salo a jere.

Farko ka nemi baƙaƙe masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ, da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ. In babu su a allon madannanka, manhajar madannai ta Gboard na da Hausa a waya, ta Keyman kuma na aiki a kwamfuta. Ni sau da yawa a waya nake buga su in tura wa kaina ta WhatsApp, in kwafa. Abu biyu kan faru in salon ba shi da su. Ko dai ka ga ɗan akwati fanko a madadin harafin, ko kuma, wanda ya fi haɗari, kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ta cusa a tsakiya ba ta faɗa maka ba. Sai ka ga siririn ƙ tsayayye a cikin kalma mai kauri da karkata. A fuskar waya ba lallai ka lura ba. A kan bana, wato allon talla na fileks, mai ƙafa goma, kowa zai gani.

Da yawa sukan yar da lanƙwasar kawai su sa k ko d. Ban yarda da wannan ba. Mai shagon ɗinki ya biya kuɗi a rubuta sana'arsa daidai, kuma yaran makaranta da ke wucewa ta gaban allon nan suna koyon rubutu daga gare shi, ko mun so ko mun ƙi.

Rashin waɗannan baƙaƙe bai hana ka amfani da salon da ka so ba, in kalmar gajera ce. Ka rubuta kalmar da b, d ko k, ka rubuta f a gefe da salon guda da girma guda, ka mayar da su duka zane da Ctrl+Q a CorelDRAW. Ka yanke kan f ɗin, wato wurin da ya lanƙwasa dama, ka ɗora a kan sandar harafin, ka haɗe su su zama abu ɗaya, ka goge gaɓar. Ƙananan ɓ, ɗ da ƙ duka dama lanƙwasarsu ke kallo, shi ya sa kan f yake musu daidai, kuma da yake daga salon ya fito, kauri da karkatarsa za su dace. Manyan Ɓ da Ɗ kuwa lanƙwasarsu a hagu take daga sama, ta Ƙ kuma a hannunsa na sama.

A nan ne za ka gane salon da bai dace da Hausa ba tun asali. Duk wanda sandunan b, k, l da h nasa suke da madauki a sama, irin rubutun haɗe na makaranta, lanƙwasa ba ta da wurin zama a kansa. Ko ka ɗora ta, mai karatu ba zai bambanta k da ƙ ba. Ka nemi mai sanda miƙaƙƙiya, buɗaɗɗiya daga sama.

Sannan ka duba abin da ke biyo bayan lanƙwasar. A kalmar ɗinki ko ƙira, lanƙwasar na faɗowa daidai inda ɗigon i yake. A rubutu mai kauri sai su manne su zama dunƙule. Ka gajarta lanƙwasar, ko ka matsar da ɗigon dama kaɗan, ka bar farin wuri tsakaninsu wanda ido zai gani daga nesa.

Akwai kuma 'yar alamar da ke cikin sana'a, jama'a, Sa'adatu, 'ya'ya. A rubutu mai haɗe tana yanke layin, wani lokaci ta bar wutsiyar harafi tana lilo ba abin da ta riƙe. Ka buga waɗannan kalmomi ka gani. Masu zuwa mana daga wajen Kamba, waɗanda abokan cinikinsu rabi mutanen Nijar ne, wani lokaci sukan so ƴ irin ta rubutun Hausar can maimakon 'y, da kuma é ta Faransanci. Ka tambayi mai aikin tun farko ina kayansa za su je.

Abu na gaba da Hausa ke tonawa shi ne maimaicin harafi. Harshenmu cike yake da a. Ka rubuta Talata Mafara: a guda 6 ne a ciki. In duk shidan suka fito iri ɗaya sak, da karce ɗaya a wuri ɗaya, ido zai gane inji ne, kuma armashin buroshin ya tafi, domin hannu bai taɓa jan harafi biyu iri ɗaya ba. Salo mai kyau yakan zo da a biyu ko uku, ya riƙa musanya su da kansa, ko ya ba ka ka zaɓa. CorelDRAW tun daga X6 tana nuna waɗannan zaɓuɓɓuka na OpenType, wato tsarin fayil ɗin salon rubutu mai ɗauke da su: ka haskaka harafin, wata 'yar kibiya ta fito a ƙasansa. Ka gwada kuma tagwayen baƙaƙe irin na Kebbi, Sakkwato, Hassana, Muhammadu, da haɗuwar sh, ts, kw, gw da ky. Masu zanen sun gyara haɗin th da kyau domin Turanci na bukatarsa, amma ts da kw ba lallai wani ya taɓa duba su ba. Shinkafa, tsire, kwalliya, Gwandu, gyaɗa: in salo ya wuce waɗannan ba tare da wani harafi ya hau wani ko ya bar giɓi ba, ya kama hanya.

Kar ka manta da ₦. In za a rubuta farashi, ka duba ko tana ciki.

Kauri da nisa

Kauri kaɗai ba ya sa a karanta rubutu. Abin da ido ke kamawa shi ne farin da ke cikin a, e, o, da tsakanin baƙaƙe. In kaurin ya cinye wannan farin, e da o da a duk su zama abu ɗaya. Ka zaɓi wanda cikinsa a buɗe yake, kuma jikin ƙananan baƙaƙensa dogo ne, ya kai fiye da rabin tsayin manyan. Masu ɗan ƙaramin jiki da dogayen wutsiyoyi sama da ƙasa suna cin wuri a banza: allon ya cika, amma abin karantawa ya ƙanƙance.

Masu rubuta allo suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: inci 1 na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisa. Wato in daga tsakiyar titi zuwa shagon ƙafa 60 ne, harafin ya kai inci 6. Wannan na baƙaƙe tsayayyu ne. Ga rubutun buroshi ni nakan ƙara rabi a kai, in kai shi inci 9, kuma jikin ƙananan baƙaƙe nake aunawa, ba babban harafin farko ba. Ka tuna mai kallon a kan babur yake ko cikin Keke, ga ƙurar hunturu, ga rana a idonsa.

Kada ka taɓa rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla. An zana manyan ne su buɗe kalma, kowane da adonsa, in suka jeru sai su yi ta karo. Kada kuma ka buɗa tazarar da ke tsakanin baƙaƙe masu haɗe, domin haɗin zai tsinke. Haka ja shi ta gefe don ya cika faɗin allo: layin tsaye ya kumbura, na kwance ya sirance, karkatar ta lalace. In sunan bai cika wurin ba, ka sauya tsarin allon, ka bar harafin yadda mai shi ya zana shi.

A kan me za a buga?

Wannan tambaya ce da ya kamata ka yi wa mai aiki kafin ka buɗe kwamfuta. Fileks na ɗaukar kusan komai, har busasshen buroshi. Amma tambari ba a fileks kaɗai yake tsayawa ba.

Injin yankan sitika yana bin kowace gaɓa ta zanen da wuƙarsa. Salon busasshen buroshi na iya ɗaukar ɗaruruwan gaɓoɓi a harafi guda. Injin zai yi ta kakkarwa, yaron da zai ɓare abin da ba a so zai yini yana tsince ɗige-ɗige da allura, kuma waɗanda suka tsira zafin watan Afrilu zai ɗaga su daga gilashin cikin ɗan lokaci. Don sitikar yanka, ka ɗauki mai sumul ɗin baki. Kuma ka haɗe baƙaƙen su zama zane ɗaya kafin ka tura, in ba haka ba wuƙar za ta yanka inda harafi ya hau harafi, kalmar ta fito gutsi-gutsi.

Buhun shinkafa shi ne ya fi kowa rashin haƙuri. Jiharmu ta shinkafa ce, kuma bayan manyan kamfanonin da ke Argungu da Birnin Kebbi, akwai ƙananan masu casa da yawa da yanzu suke son sunansu a buhu. Saƙar buhun ba sumul take ba, tawada kuma tana bazuwa a kanta. Siririn layi yakan tsinke, ƙaramin ciki ya toshe. A nan ka nemi salon da bambancin kauri da sirantarsa kaɗan ne, irin zubin Pacifico, ka guji wanda layin haɗinsa kamar zare. Haka ledar ruwa da ledar burodi. Injin surfani da ke sa tambari a riga ko hula shi ma ba ya son karce-karce, hatimin roba kuma ya fi su duka ƙin sa.

In mai aikin ya ƙwallafa rai a kan busasshen buroshi, nakan yi masa tambarin kashi biyu: mai karcen don bana da hotunan Facebook, da wanda na share bakinsa ya zama sumul don sitika, buhu da hatimi. Siffar guda ce, mutane ba za su ga bambanci ba.

Abokin tafiyarsa

Rubutun buroshi kamar yaji ne a kan tsire, barbaɗawa ake yi. Kalma ɗaya, biyu, iyaka uku: sunan kasuwancin ke nan. Adireshi, jerin kaya, lambar NAFDAC da lambar waya duk su tafi a salo tsayayye marar ado. Lambar waya lamba 11 ce, mutum zai kwafe ta yana tsaye a bakin titi, kuma a rubutun buroshi 1 da 7 sukan yi kama, haka 5 da 6. Noto Sans da Andika duk suna da baƙaƙen Hausa cikakku, kuma kyauta ne. Salon buroshi biyu a allo ɗaya kuwa, a'a.

In akwai rubutun Larabci ko ajami a allon, ka daidaita nauyinsu, kada na boko ya yi kauri na ajamin ya zama siriri a gefe kamar an manta da shi.

Lasisi

Wannan magana ce ta haƙƙi, kuma ina so mu ɗauke ta da muhimmanci. Wani ne ya zauna wata da watanni yana zana waɗannan baƙaƙe. Da yawa daga abin da ake saukewa a shafin salon rubutu na DaFont an rubuta a jikinsu cewa kyauta ne don amfanin kai kawai. Tambarin da aka biya ka kuɗinsa ba amfanin kai ba ne. Irin waɗannan ma sau da yawa samfuri ne, an cire musu lambobi da alamomi. Mafi yawan na Google Fonts suna ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya yarda ka yi kasuwanci da su, ka gyara su, abin da ya hana shi ne ka sayar da fayil ɗin shi kaɗai. In na kuɗi ne ya fi dacewa da aikin, ka faɗa wa mai aikin ka sa a cikin lissafi. Wanda ke shirin buga buhu dubbai, ko yake son yi wa tambarinsa rajista a Abuja, kuɗin lasisi ba zai gagare shi ba.

Ranar nuna wa mai aiki

Ka tace su koma uku. In ka nuna goma, zai kira matarsa da ƙaninsa da abokinsa, kowa ya zaɓi nasa. Ka buga ukun a takarda, baƙi a kan fari tukuna, domin launi yana rufe aibin harafi kuma yana janye hankalin mutum daga siffa. Ka liƙa su a bango a waje, ka ce, "Alhaji, bismilla mu tsallaka titi mu duba daga can." Gani ya kori ji. Ka kira wani wanda bai san sunan ba, ko yaron maƙwabta ɗan firamare, ka ce ya karanta. In ya yi jinkiri ko ya yi kuskure a harafin farko, wannan salon ya fita, komai kyansa. Babban harafin farko shi ya fi yawan ruɗa mutane: a wasu salon S da L, ko T da F, ko G da Y, ba su da maraba sosai.

Daga nan ka ƙanƙance shi ya koma girman hoton da ke kan WhatsApp, wanda da'ira ce ƙarama, domin Hajiya mai humra a can kasuwarta take. Dogon suna ba zai shiga ba. Ka ware mata harafin farko shi kaɗai a matsayin ƙaramar alama, shi ya sa tun wurin zaɓe yake da kyau ka duba ko wannan harafin na iya tsayuwa da kansa. Sai bayan an tsayar da siffa ake maganar launi, kuma a nan ka tuna ja da ruwan hoda sun fi saurin koɗewa a ranarmu, don haka rubutun ya kasance mai duhu a kan haske ko mai haske a kan duhu, yadda ko ya koɗe za a karanta.

In za ka kai wurin bugu, ka mayar da rubutun zane, domin kwamfutarsu ba lallai tana da salonka ba, kuma za ta musanya shi da wani. Ka ajiye kwafi guda wanda ba a mayar ba saboda gyaran gaba. A cikin jakar mai aikin ka sa tambarin mai launi, da baƙi zalla, da fari zalla, da PDF, da PNG marar bango, sannan 'yar takarda mai ɗauke da sunan salon, inda ka samo shi, da irin lasisinsa, saboda ranar da zai buɗe reshe a Yauri ko Zuru wani mai zanen ya ci gaba daga inda ka tsaya.